Birki Da Daidaiton Mota: Binciken Da Ya Sauya Lissafin Harkar Sufuri

Duk wanda ya taɓa zuba jari a harkar sufuri ya san cewa mota guda tana iya cinye ribar shekara cikin daƙiƙa uku. Kaya su salwanta, motar ta koma tarkace, a shiga biyan jinya da diyya, sa'an nan ga asarar rayuka wadda babu kuɗin da zai fanshe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka rasu a haɗurran hanya a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba, duk da cewa shi ya fi kowane yanki ƙarancin motoci.

Fiye da shekara 50 ke nan injiniyoyi a Jamus da Amurka da Japan da Suwidin suna bincike a kan waɗannan daƙiƙoƙi ƙalilan, wato tsakanin lokacin da direba ya hango haɗari da lokacin da mota ta tsaya ko ta ƙwace masa. Binciken ya haifar da na'urori biyu da suka sauya kasuwar motoci: na'urar hana taya kullewa da ake kira ABS, da na'urar daidaita mota da ake kira ESC ko ESP. Tarihinsu yana ɗauke da darasi ga 'yan kasuwa, domin ya nuna yadda abu mai rahusa ke kare dukiya mai yawa, ya kuma nuna cewa amfaninsa ba ya samuwa sai an neme shi tun wajen saye, an kuma kula da shi bayan saye.

Tafin Hannu Huɗu

Ƙaramar mota, komai tsadarta, ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta nan ne ƙarfin inji da na birki da na sitiyari ke bi su isa kwalta. Riƙon da taya ke yi wa hanya kuwa yana da iyaka, kuma masana sun daɗe suna kwatanta shi da da'ira, bisa sunan injiniyan Jamus Wunibald Kamm. A harshen 'yan kasuwa, riƙon taya tamkar kasafin kuɗi ne: abin da aka kashe wajen taka birki ba za a same shi wajen shan kwana ba.

Lissafin tsayawa shi ma ba ya sassauci. A kan busasshiyar kwalta mai kyau, motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana bukatar kimanin mita 12 kafin ta tsaya bayan birki ya kama. A kilomita 100 tazarar takan kai kimanin mita 49, a kilomita 120 kuma ta haura mita 70. Wato idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa takan ninka sau huɗu. Idan ruwan sama ya rage riƙon hanya da rabi, sai a sake ninka tazarar. Ba a ma sa mita 28 da motar ke ci a kowace daƙiƙa guda, a gudun kilomita 100, kafin ƙafar direba ta isa birki ba.

Wani muhimmin abu da bincike ya gano shi ne, taya ta fi kama hanya a lokacin da take juyawa ƙasa kaɗan da gudun motar, da bambancin kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Da zarar ta kulle ta daina juyawa, sai riƙonta na tsayawa ya ragu, na gefe kuwa ya kusa ɓacewa baki ɗaya. Shi ya sa direban da ya danne birki cikin firgici yakan murɗa sitiyari iya ƙarfinsa, motar kuwa ta ci gaba da sulalewa inda ta dosa.

Daga Jirgin Sama Zuwa Kan Titi

A harkar jiragen sama aka fara magance kullewar taya. Cikin shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da na'urar Maxaret domin jirage masu sauka a kan jiƙaƙƙen fili, kuma a 1966 aka sa ta a wata mota mai tsada ƙirar Jensen FF, wadda 'yan ɗaruruwa kawai aka ƙera. A 1971 kamfanin Chrysler na Amurka, tare da Bendix, ya sa irin wannan na'ura mai aiki da lantarki a motarsa Imperial. Sai dai waɗannan yunƙuri ba su yi kasuwa ba, saboda tsada da yawan lalacewa.

Shekarar 1978 ce aka ɗauka a matsayin mafarin ABS na zamani, lokacin da kamfanin Bosch ya fara ƙera ta da yawa domin manyan motocin Mercedes-Benz. Samfurin farko da aka gwada yana da sassa kusan 1,000, abin da ya sa ba a iya dogara da shi ba. Da aka koma ga ƙananan kayan kwamfuta, sai adadin ya sauko zuwa 140, kuma wannan ragi ne ya ba na'urar ingancin da ya kai ta kasuwa. A 1985 motar Ford Scorpio ta fito da ABS a kowane samfuri ba tare da ƙarin kuɗi na daban ba, a 1988 kuma BMW ya sa ta a babur.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Kowace taya tana da ma'aunin gudu, wanda makanikai ke kira sensa. Idan kwamfutar motar ta ga wata taya na shirin kullewa, sai ta umurci bawul ya sassauta matsin man birki a wannan taya, sa'an nan ta mayar da shi, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Bugawar da direba ke ji a ƙarƙashin ƙafarsa alama ce ta cewa na'urar tana aiki. Abin da ake so ya yi shi ne ya ci gaba da danne birkin, ya kuma karkata sitiyari zuwa inda ke da mafita.

Alƙaluman Da Suka Ba Da Mamaki

An yi tsammanin ABS za ta rage mace-mace ƙwarai, amma da aka tattara alƙaluma cikin shekarun 1990 sai murna ta ragu. Kamfanonin inshora na Amurka ba su ga raguwar a zo a gani a kuɗin da suke biya ba. Wani bincike da aka yi a kan direbobin tasi a birnin Munik na Jamus ya nuna cewa waɗanda aka ba motoci masu ABS sun ƙara gudu da matse wa na gabansu, har suka cinye ribar da na'urar ta kawo. Masana tattalin arziki sun san wannan ɗabi'a: wanda ya ji yana da kariya yakan ƙara ganganci.

A shekarar 2009 hukumar NHTSA, mai kula da lafiyar hanya a Amurka, ta fitar da nazari mai tsawo wanda ya nuna cewa ABS ta rage yawan haɗurra da kashi 6 cikin 100 a ƙananan motoci da kashi 8 a jif-jif da a-kori-kura, amma a haɗurran da ake rasa rai tasirinta ya kusa zama babu. Haka kuma gwajin da hukumar ta yi a 1999 ya nuna cewa a kan tsakuwa mai warwatse, ABS tana ƙara tazarar tsayawa da kimanin kashi 27 cikin 100. Dalili shi ne, tayar da ta kulle takan tara tsakuwa ko yashi a gabanta, tarin ya taimaka wajen tsayar da ita. Wannan batu ya shafi duk mai kai kaya kasuwannin ƙauye ta hanyar burji, kuma shi ya sa masu ƙera jif-jif suka riƙa sa tsari na musamman domin irin wannan hanya.

Duk da haka jarin bai faɗi ba. ABS ta bar wa injiniyoyi famfo da bawuloli da ma'aunai da ke iya taka birkin kowace taya ita kaɗai. A kan wannan harsashi ne aka gina abin da ya biyo baya.

Birkin Da Ke Juya Mota

Tambayar da masu bincike suka yi wa kansu ita ce: idan kwamfuta tana iya sassauta birkin taya guda, me zai hana ta taka shi da kanta domin ta mayar da mota kan hanya? Mai tuƙa kwale-kwale ya san cewa idan ya tsoma filafili a ruwa ta gefen dama, jirgin zai karkata dama. Haka birkin taya guda ke yi wa mota.

Kafin a kai ga haka, sai da aka sami hanyar lissafa halayyar taya. A 1987 Farfesa Hans Pacejka na Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, tare da injiniyoyin Volvo, suka wallafa wata ƙa'idar lissafi da ke bayyana irin ƙarfin da taya ke bayarwa gwargwadon nauyin da ke kanta da yadda take zamewa. Har yau da ita ake kwaikwayon tafiyar mota a kwamfuta. A kamfanin Bosch kuwa, injiniya Anton van Zanten, ɗan asalin Holan, shi ya jagoranci ayarin da ya haɗa kai da Daimler-Benz. An yi gwaje-gwaje masu yawa a kan daskararrun tafkuna na garin Arjeplog a arewacin Suwidin, inda ake iya maimaita santsi iri ɗaya sau ɗari ba tare da an kashe kowa ba. A 1995 na'urar ta fito a motar Mercedes-Benz S 600 da sunan ESP, kuma a wannan shekara Toyota ya fito da tasa mai suna VSC a motar Crown Majesta. A 2016 Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai ya karrama van Zanten saboda wannan aiki.

Na'urar tana kwatanta abu biyu ne, sau 25 a kowace daƙiƙa bisa bayanin Bosch: inda direba ke nufi, da inda mota ta dosa. Na farko ana gane shi daga ma'aunin da ke jikin sitiyari. Na biyu kuma daga ma'aunin gudun tayoyi, da ma'aunin ƙarfin da ke tura mota gefe, da wani ma'auni da ke auna yadda mota ke juyawa a kan cibiyarta. Idan bayan mota ya fara kaɗawa waje a kwana, sai kwamfuta ta taka birkin tayar gaba ta waje. Idan kuwa hancin motar ne ya ƙi bin kwana, sai ta taka birkin tayar baya ta ciki, ta kuma rage ƙarfin inji. Duk wannan yakan faru kafin direba ya ankara, kuma babu direban da zai iya yin sa, domin feda guda ke gare shi ga tayoyi huɗu.

Ma'aunin juyawar ne ya fi tsada da farko, domin daga fasahar jiragen sama aka samo shi. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka fara sassaƙa shi a jikin ƙanƙanin silikon kamar yadda ake ƙera kayan kwamfuta, farashinsa ya faɗi, hanya ta buɗe ga motocin masu ƙaramin ƙarfi.

Abin Kunyar Da Ya Zama Talla

A ranar 21 ga Oktoba, 1997, wani ɗan jaridar mujallar motoci ta Suwidin mai suna Robert Collin ya gwada sabuwar ƙaramar motar Mercedes-Benz A-Class a irin gwajin da ake yi na kauce wa dabbar dawa da ta faɗo hanya. A gudun kimanin kilomita 60 a awa motar ta kife. Hotunan suka bazu a duniya, kamfanin da ya gina sunansa a kan aminci ya shiga tsaka mai wuya.

Bayan 'yan makonni na musu, kamfanin ya dakatar da sayar da motar har kusan wata uku, ya gyara ƙafafunta da tayoyinta, ya kuma sa mata ESP ba tare da ƙarin farashi ba. An ba da rahoton cewa gyaran ya ci kimanin mak miliyan 300 na kuɗin Jamus na wancan lokaci. A watan Fabrairun 1998 motar ta koma kasuwa, kuma daga 1999 kusan dukan ƙananan motocin kamfanin suka riƙa fitowa da na'urar. Abokan hamayya ba su da zaɓi illa su bi sahu. Yawan oda ya ƙara karya farashi, na'urar da a da sai attajirai ta zama ta kowa.

Shaida, Sa'an Nan Doka

A wannan karon alƙaluma sun goyi bayan injiniyoyi. A 2006 cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta bayyana cewa ESC tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin mota guda ita kaɗai da kashi 56 cikin 100. A 2007, lokacin da NHTSA ta fitar da dokar tilasta amfani da na'urar, ta ƙiyasta raguwar irin waɗannan haɗurra da kashi 34 cikin 100 a ƙananan motoci da kashi 59 a jif-jif, da kuma ceton rayuka 5,300 zuwa 9,600 a kowace shekara idan dukan motoci suka samu. Kuɗin da ta lissafa kuwa shi ne dala 111 a kan motar da ta riga tana da ABS, ita ABS ɗin kuma dala 368. Da wuya a sami jarin da ya kai wannan riba.

Dokar ta fara aiki a kan dukan sababbin ƙananan motoci a Amurka daga 1 ga Satumba, 2011. Tarayyar Turai ta tilasta ta a kan sababbin ƙira daga Nuwamba 2011, da dukan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Ba a bar maganar inganci a bakin kamfanoni ba. A gwajin da doka ta tanada, mutum-mutumi ne ke murɗa sitiyari hagu da dama a gudun kilomita 80 a awa, kuma tilas ne daƙiƙa guda bayan an gama murɗawar, juyawar motar ta ragu zuwa kashi 35 cikin 100 na ƙololuwarta ko ƙasa da haka.

Cewa mota tana da na'urar bai wadatar ba, sai an saita ta daidai. A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta shawarci jama'a da kada su sayi jif ƙirar Lexus GX 460, saboda na'urar tana jinkirin kamawa idan bayan motar ya kaɗa. Toyota ya dakatar da sayarwa, ya sabunta manhajar, sa'an nan mujallar ta janye gargaɗin.

Tirela, Tanka Da Bas

Ga masu manyan motoci, matsalar ta fi tsanani. Tirelar da aka yi wa lodi mai tsawo tana iya kifewa a kwanar da ƙaramar mota za ta sha ba tare da wata damuwa ba, kuma direban da ke can gaba ba ya jin tayoyin baya sun ɗaga sai bakin alƙalami ya bushe. Tankar da ba ta cika ba ta fi haɗari, domin man da ke ciki yana kwarara gefe guda a lokacin da aka fi bukatar ya tsaya wuri ɗaya. A nan na'urar tana lissafa nauyin kaya da ƙarfin da ke tura mota gefe, ta rage gudu tun kafin a kai iyaka. Lokacin da Amurka ta tilasta ESC a kan kawunan tirela da manyan bas a dokar 2015, wadda ta fara aiki a 2017, an ƙiyasta za ta hana kashi 40 zuwa 56 cikin 100 na kifewar da ke faruwa ba tare da mota ta ci karo da wani abu ba.

Akwai kuma darasi a kan gaggawa. A 1975 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan motoci na'urar hana kullewar taya alhali fasahar ba ta nuna ba. Na'urorin suka riƙa lalacewa, masu motoci suka koka, a 1978 kotu ta soke wannan sashe na dokar. Sai a 1997 aka dawo da ita. Dokar da ta riga fasaha takan jawo asara da rashin yarda na shekaru.

Masu bas su ma suna da abin lura. A 2001 NHTSA ta yi gargaɗin cewa bas mai kujera 15, idan ta ɗauki mutum 10 ko fiye, yiwuwar kifewarta a hatsari takan kusa ninkawa sau uku, saboda nauyi ya hau sama ya kuma koma baya. Kowa ya san yadda ake jibga kaya a saman irin waɗannan motoci a tashoshinmu.

Nijeriya ta ɗanɗana kuɗar kifewar tanka. A watan Oktoban 2024 fiye da mutum 150 suka rasu a garin Majiya na Jihar Jigawa bayan wata tankar fetur ta kife ta kama da wuta, a watan Janairun 2025 kuma wasu gommai suka rasu a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Daga 1 ga Maris, 2025, hukuma ta hana tankokin da ke ɗaukar lita 60,000 lodi a defo-defo. Ba za a iya cewa wata na'ura za ta hana kowane irin wannan bala'i ba, amma kifewa ita ce mafarin wutar, kuma ita ce ainihin abin da aka ƙera na'urar domin ragewa.

Inda Bincike Ya Dosa

Mataki na gaba shi ne motar da ke taka birki da kanta idan kyamara ko rada ta hango cikas. Volvo ya fara sa irin wannan a motar XC60 a 2008, kuma nazarin IIHS ya nuna tana rage karo ta baya da kusan rabi. Tarayyar Turai ta tilasta ta a kan dukan sababbin ƙananan motoci daga Yulin 2024, dokar da Amurka ta fitar a 2024 kuma ta sa Satumban 2029 a matsayin wa'adi. A ɓangaren babura, Indiya, inda yawancin baburan haya na ƙasar nan ke fitowa, ta tilasta ABS a kan masu injin da ya haura cc 125 daga Afrilun 2019.

Haka kuma ana ƙoƙarin raba fedar birki da man birki, ta yadda ƙafar direba za ta aika saƙon lantarki ne kawai. Motocin lantarki suna bukatar wannan, domin suna haɗa birkin gargajiya da wanda ke mayar da ƙarfin gudu cikin batir. Sai dai sabon abu yana zuwa da nasa haɗarin kasuwanci. Mercedes-Benz ya janye motoci kimanin 680,000 a 2004 da miliyan 1.3 a 2005 saboda matsalar birkinsa mai suna SBC, daga baya ya daina sa shi a yawancin motocinsa. A watan Satumban 2024 BMW ya rage hasashen ribarsa bayan matsalar birki ta shafi motoci kimanin miliyan 1.5.

Girman kasuwar ya bayyana a cinikin kamfanoni. Continental ya sayi sashen birki na ITT a 1998 a kan kusan dala biliyan 2. ZF ya sayi TRW a 2015 a kan fiye da dala biliyan 12, ya kuma sayi WABCO, mai ƙera birkin manyan motoci, a 2020 a kan kimanin dala biliyan 7. Ma'ana, kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da wannan fasaha, abin da ke shafar farashin kayan gyara a ko'ina.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Saye

Yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan tsofaffi ne. Rahoton Hukumar Kare Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Wannan yana da fuska biyu. Motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga samfurin 2012, ko domin Turai daga ƙarshen 2014, tilas ta fito da ESC. Amma sabuwar motar da aka ƙera domin kasuwar da ba ta da irin wannan doka tana iya zuwa babu ita. Saboda haka sabunta kaɗai ba hujja ba ce, tilas a duba takardar bayanin mota kafin a biya kuɗi, kuma kamfanin da ke sayen motoci da yawa ya rubuta ABS da ESC cikin sharuɗɗan kwangila.

Bayan saye sai kulawa. Idan aka kunna mota, fitilun ABS da ESC su kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa tana nufin na'urar ba ta aiki, wadda ba ta kama ba sam kuwa mai yiwuwa an cire ta ne domin a ɓoye matsala. Motar da aka gyara bayan hatsari tana bukatar a sake saita ma'aunin sitiyarinta da kwamfuta. Tayoyi masu girma daban-daban suna rikita lissafin na'urar, tsohuwar taya kuwa tana rage kasafin riƙon da komai ya dogara a kansa. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Man birki yana shan danshi daga iska. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha danshi ma'aunin yakan sauko zuwa 155, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke ba da shawarar canza shi duk shekara biyu. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, birkin da ya yi zafi fiye da kima yakan saki, kuma babu kwamfutar da za ta ceci direban da bai sauko da giya ba. Haka nan babu na'urar da za ta gyara lodin da ya wuce ƙa'ida ko kayan birki na jabu. Araha ba ta ado.

Ga kuma ƙofar ciniki. Kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas suna bukatar dillalai masu kaya na ainihi, garejoji kuma suna bukatar na'urar binciken mota da matasan da suka ƙware a kanta. Kamfanonin inshora suna iya sassauta kuɗi ga motocin da aka tabbatar na'urorinsu na aiki, bankunan da ke ba da rancen sayen tirela su ma su sa wannan cikin sharuɗɗansu, tun da motar ita ce jinginarsu.

A shekarar 2018 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1958 a kan ƙa'idojin ƙera motoci, wadda a ƙarƙashinta akwai ƙa'idar ESC. Shiga yarjejeniya mataki ne na farko, sauran aiki yana wuyan hukumomin da ke kula da ingancin kaya da shigo da motoci da kiyaye haɗurra. Kafin a kammala wannan, ɗan kasuwa ba ya bukatar jiran kowa: ya tambayi abin da ke cikin motar da zai saya, ya ware kuɗin taya da man birki a kasafinsa na shekara, ya kuma koya wa direbobinsa abin da fitilun gabansu ke nufi.